Yadda hedimasta zai riƙe malamin kurame da makafi kada ya gudu

Na taɓa riƙe wata firamare ta gwamnati mai aji ɗaya na kurame, kuma babban kuskurena shi ne na mayar da malamar ajin tayar safaya. Yau malamin lissafi bai zo ba, sai in ce, "Malama, a taimaka a riƙe mana aji huɗu." Gobe rabon littattafai, ita ce dai. A lissafina yaranta ba su kai ashirin ba, wasu kuwa na fama da tamanin. Sai ranar da ta ajiye mini takardar neman canjin wurin aiki na san na yi ɓarna. Ga abin da na koya daga baya, bi da bi.

Mataki na farko: shiga ajin ka zauna

Ba leƙen nan na taga da muka saba ba. Ɗauki kujera ka zauna a baya har a tashi tara. Za ka ga malamin kurame ba ya iya rubutu a allo yana bayani a lokaci guda, domin da ya juya baya magana ta yanke. Sai ya rubuta, ya juyo, ya jira kowane ido ya dawo kansa, sannan hannu ya fara aiki. Darasin da ake gamawa a minti talatin a wani aji, a nan yana iya cin ninki biyu. Bayan an tashi, ka ce ya rubuto maka abu uku da suka fi ci masa tuwo a ƙwarya. Uku kawai. In ka ce ya rubuta duka, takardar za ta tsorata ka, ta ƙare a durowa.

Mataki na biyu: kulle masa lokacinsa

Cire sunansa daga jerin masu cike gurbi, kuma ka faɗi haka a taron malamai da bakinka, don kada a riƙa yi masa kallon ɗan lele. Sannan ka ware masa lokacin shiri a cikin jadawali. Mai koyar da makafi sai ya juya kowane darasi zuwa birel, wato rubutun makafi na ɗigo shida, kuma shafi ɗaya na buga yakan zama biyu ko uku. Saboda haka tambayoyin jarrabawa su isa hannunsa kwanaki kafin ranar, a rufe, bisa amana. Kada a miƙa masa da safe ana cewa ya yi sauri.

Idan akwai likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi, ko mai gyaran magana da ke ziyartar makarantar, a tsayar masa da rana, a sanar da iyaye. Ba abin da ke kashe gwiwar baƙo kamar ya biya kuɗin mota ya zo, ya tarar an kwashi yaran zuwa share fili.

Mataki na uku: duba ɗakin

Yawancinmu ɗakin da ya rage muke ba su, na kusa da banɗaki ko tsohon sito. Kurma da ido yake ji, don haka haske ya faɗa a fuskar malami. In taga tana bayansa, inuwa kawai yara ke gani. A jera benci kamar jinjirin wata domin kowa ya ga hannun kowa. A nisanta ajin daga injin niƙa, janareta da bakin titi, saboda na'urar ji ba ta tace ƙara yadda kunne ke yi. Hayaniya ma ƙara ta take, har yaro ya gaji ya cire ta ya jefa aljihu.

Ajin makafi kuwa dokarsa ɗaya: kada a sauya wa kaya wuri ba a faɗa ba. Ƙofa ta kasance a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, don wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi. A rufe kwatar da ke kan hanyar aji.

Masu keken guragu suna buƙatar gangara. A gaya wa birkila cewa duk tashin taku ɗaya yana son tsawon taku goma sha biyu. In aka bar shi da son ransa, tudu zai gina wanda ko babba ba ya iya hawa. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, kuma wa'adin ya wuce. Ka ambaci dokar a duk takardar da za ka rubuta wa sakataren ilimi ko SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Mataki na huɗu: ƙananan kaya kafin manya

Masu kawo gudummawa na son raba na'urar ji a ɗauki hoto. Batir kuwa ba mai tunawa da shi, alhali daga mako guda zuwa biyu ko uku yake yi ya mutu. Ka roƙi kwamitin SBMC, wato na al'umma mai kula da makaranta, ya ware ɗan kuɗi kowane zango domin batir, takardar birel mai kauri, allon birel da tsinkensa, da kwali da maka na zane. Mai sayowa ya san lambar batir: 675 mai shuɗiyar takarda, 13 mai ruwan goro, 312 mai ruwan ƙasa. Kada a ɓare takardar sai za a sa, domin iska ce ke tayar da shi, kuma da an ɓare ya fara ƙarewa. A kulle su a durowa. Yaro ya haɗiye ɗaya, asibiti ne ba jira.

Ka ba malami minti biyar na farkon kowace safiya ya gwada na'urorin. Ya tsaya a bayan yaro ya furta a, u, i, m, sh, s, yaro na ɗaga hannu in ya ji. Wanda jiya ya ji "s" yau bai ji ba, a duba batir, ko dauɗar kunne, ko ƙurar hunturu da ta toshe bututu.

Mataki na biyar: littafi ga kowane yaro

Littafi mai shafi arba'in ya isa. A rubuta abin da ya samu yaron, sanƙarau ne ko ƙyanda ko da shi aka haife shi, abin da yake iyawa yau, da abu biyu da ake son ya iya kafin ƙarshen zango. A rubuta abin da ido zai gani, kamar "zai riƙe cokali ya kai baki". Likitan fisiyo ya rubuta atisayen da ya bayar a nan, da Hausa. Littafin sirrin yaro ne, a ofis zai zauna.

Mataki na shida: jawo iyaye da sauran makaranta

A nan akwai abin da hedimastoci da dama ba su sani ba. Yaro kan zo daga gida da maganar hannu irin ta kuramen ƙasar Hausa, ko alamun da shi da mahaifiyarsa suka ƙirƙira. A makaranta kuwa alamun da ake koyarwa sun samo asali ne daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Sai yaro ya koma gida da harshen da ba mai ganewa. Ka shirya wa iyaye zama ɗaya a wata, malami ya koya musu alamu goma: ruwa, ciwo, banɗaki, yunwa da makamantansu. Iyayen da suka ƙi zuwa, ka bi ta hannun mai unguwa, ko sarkin makafi, ko shugaban kuramen garin. Maganarsu ta fi takardarka nauyi. A asambule ma a riƙa koya wa kowa alama ɗaya a mako, har da maigadi da mai sayar da awara a bakin ƙofa.

Mataki na bakwai: kada ya zama shi kaɗai

Malami ba likita ba ne. Ka tanadi takardar turawa mai hatimin makaranta: matsalar kunne zuwa babban asibiti mafi kusa ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ta ƙashi da gaɓoɓi zuwa sashen fisiyo ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka nemo wa malamin mataimaki, mace ga 'yan mata, mai kai yara banɗaki da ɗaga su daga keke, domin ciwon baya na korar malamai a ɓoye. In ya nemi ƙaro ilimi a Jami'ar Bayero, ko ta Jos, ko kwalejin ilimi na musamman da ke Oyo, ka sa hannu, amma tun kafin ya tafi ka haɗa shi da wani malami mai sha'awa ya riƙa zama a ajinsa sau biyu a mako, sunansa a rubuce cikin jadawali.