Kurakuran da aka fi yi da tsohon injin finbol, a wasa da wajen gyara

Finbol wasa ne da ake buga ƙwallon ƙarfe a kan faifai mai gangare a ƙarƙashin gilashi don tara maki. Injin finbol mai suna El Dorado da kamfanin Gottlieb na Shikago ya ƙera a 1975 babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan. In ka ɗaga faifan wasan ka leƙa, wayoyi za ka gani jingim, da kwayil-kwayil (naɗin waya mai zama maganaɗisu in wuta ta shiga), da makunnai masu siraran harsunan ƙarfe, da wani ƙaramin moto mai ƙirga maki. Injin ƙarfe ne mai son a bi shi a hankali, garaje kuma shi ke jawo yawancin ɓarna.

Sabon ɗan wasa yakan danna filifa biyu, wato ƙananan hannuwan da ke ƙasan faifai masu bugo ƙwallo sama, lokaci guda duk sanda ƙwallo ta gangaro. Yin haka buɗe mata ƙofa ne a tsakiya. Danna ɗaya kawai, ta ɓangaren da ƙwallon take. In ta zo a sanyaye, riƙe filifar a sama ta kwanta a gindinta, ka numfasa, ka zaɓi abin da za ka hara. El Dorado na da alluna 15 masu nutsewa in an buge su, kuma da saiti ake kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.

Haka ma sandar harbi, wadda ake ja a saki ta tura ƙwallo cikin faifai, ba dole a ja ta har ƙarshe ba. Birnin Niyok ya haramta finbol a 1942 a kan caca ce. A 1976 wani gwanin finbol mai suna Roger Sharpe ya tsaya gaban majalisar birnin, ya faɗi layin da ƙwallo za ta bi, ya ja sandar daidai gwargwado, ta kuwa bi, aka ɗage haramcin. Wannan gwargwadon ya kamata hannunka ya koya.

Girgiza injin halas ne, amma a ciki akwai ɗan ƙarfe mai reto a tsakiyar zobe. Da ya taɓa zoben, filifa sun mutu, a wasu injinan ma wasan ya ƙare ke nan. Turi gajere da tafin hannu ya wadatar.

Kurakuran gyara su suka fi ba ni takaici, domin wasunsu ba sa gyaruwa. Mutum ya ga inji ya cije, sai ya ɗauko man feshi ya bi makunnai. Makunnan nan tartsatsi suke yi, feshin kuma yana kama wuta. Abin da suke so shi ne a goge bakinsu da siririn magagari, a daidaita tazarar wanda ya samu matsala kaɗai. Wanda ya bi su duka yana lanƙwasawa ya mai da cuta ɗaya goma. Sandar da ke shiga cikin kwayil ma a bushe aka yi ta ta yi aiki. Mai yana tara ƙura ya zama danƙo. Fis in ya ƙone, nemo dalili, kada ka sa wanda ya fi shi girma, balle ka ɗaure da waya.

Gilashin baya mai zane kuwa, fentinsa a bayansa yake, tsumma mai ruwa na iya kwashe shi. Ƙwallo mai tsatsa tana cin fentin faifai kamar sanfefa, a canza ta.

Kafin ka jona shi da wuta, duba taransifomarsa. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka na wutar bolt 120 ne, tamu a Najeriya da Nijar ta kai kusan ninkinta, don haka sai da na'urar rage ƙarfin wuta.