Darasi na Tara: Sauya Zoben Fuskar Agogon Hannu Mai Tsada a Gida

Agogon hannu yana da zoben da ya kewaye gilashinsa, kuma shi ne ya fi kowane sashe shan wuya, domin duk lokacin da hannu ya bugi bango ko ƙofar mota, a kansa abin yake ƙarewa. Da tafiya ta yi nisa sai ya karce, lambobinsa su koɗe, ko kuma ya cije ya daina juyawa saboda ƙura da gumi.

Kafin mai karatu ya taɓa komai, wajibi ne ya san irin zoben da yake hannunsa. Akwai kafaffe, wanda ba ya motsi, kamar na Rolex Datejust. Wannan shi ne yake matse gilashin da robar da take hana ruwa shiga, saboda haka wanda ya cire shi a gida ya buɗe wa ruwa hanya, kuma aikinsa na ƙwararren mai gyara ne. Akwai kuma mai juyawa, irin na agogon masu nutso a teku, wanda ya yi suna tun 1953 da Rolex Submariner da Blancpain Fifty Fathoms. Mai nutso yakan daidaita alamar zoben da hannun minti domin ya san tsawon lokacin da ya yi a ƙarƙashin ruwa. Na zamani hagu kawai yake juyawa, ta yadda ko an buge shi bisa kuskure, ƙara lissafin mintocin zai yi, mutum ya fito da wuri. A kan wannan mai juyawa darasinmu ya tsaya.

Sassa uku ne suka haɗu a wurin: zoben ƙarfe mai haƙora da ake kamawa da yatsu, da siririn faifai mai lambobi da yake zaune a cikinsa, da ɗan sifirin da yake ƙarƙashi, wanda shi ne yake yin ƙas-ƙas idan ana juyawa. Galibi faifan kaɗai ake sauyawa. Idan na goran ruwa ne, wato alminiyum, kamar a tsofaffin agogo, yana jure hannu. Idan kuwa na tangaran ne, irin wanda Rolex ya fara sakawa a 2005, ƙaramar lanƙwasa take fasa shi, kuma a ganina babu dalilin da zai sa mai koyo ya gwada sa'arsa a kansa.

Sai a tanadi wuƙar buɗe agogo mai siririn baki, da salatif, da tsinken sakace, da buroshi mai laushi, da farin ƙyalle, da sabon faifan da ya dace da lambar samfurin agogon. A Rolex ana samun wannan lamba a jikin agogon, wajen ƙarfe 12, idan an cire madauri. Kada a sayi faifai da ido, domin bambancin rabin milimita ya isa ya hana shi zama. A yi aikin a ɗaki mai haske wanda aka rufe tagoginsa, musamman a lokacin hunturu, a shimfiɗa ƙyallen a cikin tire domin kada sifirin ya faɗi ya ɓata.

Da farko a liƙa salatif a kan gilashin da ƙafafun da suke riƙe madauri, a kuma naɗa kaɗan a bakin wuƙar, saboda karce ɗaya a jikin zinariya ko gogaggen ƙarfe yana iya fin kuɗin faifan tsada. Daga nan a cusa bakin wuƙar a tsakanin zoben da jikin agogon, a daidai ɗaya daga cikin ƙafafun, a murza ta a hankali kamar mai juya mabuɗi. Idan gefen ya ɗan ɗaga, sai a koma wata ƙafar a yi haka, har zoben ya fita da kansa. Wanda ya nace a wuri guda zai lanƙwasa shi, kuma lanƙwasasshen zobe ba ya sake juyawa daidai. Da zarar ya fita, a ɗauki hoton yadda sifirin yake kwance da wayar hannu kafin a taɓa shi.

Bayan an share dattin da ya taru da buroshi da tsinke, sai a tura tsohon faifan daga baya da babban yatsa. Na wasu agogon matsewa kawai aka yi, na wasu kuma, kamar Seiko, da gam aka liƙa, don haka dole a kankare tsohon gam ɗin sarai. A nan ne mutane da yawa suke gaggawa su liƙa sabon faifai tun zoben yana hannu, su mayar, sai su tarar alamar ta kauce wa ƙarfe 12. Idan faifan mai gam ne, a fara mayar da sifirin da zoben, a danna da yatsu ko'ina daidai har a ji ya shiga, a juya shi ya tsaya a kan ƙas ɗaya, sannan a ɗora faifan alamarsa tana kallon 12, a danne.

Game da daraja kuwa, kamfanonin Suwizalan irin su Rolex ba sa sayar wa kowa kayan gyaransu, shi ya sa jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma saka abin da ba na asali ba yana soke garanti, yana kuma karya farashi ranar sayarwa. Tsohon faifan da ya koɗe, wanda mai shi yake gani kamar shara, masu tara tsofaffin agogo suna biyan kuɗi mai yawa a kansa, saboda haka a naɗe shi a takarda a ajiye tare da akwatin agogon. Kafin a sake shiga ruwa da agogon, a kai shi wurin mai gyaran da yake da na'urar gwajin iska ya tabbatar babu inda yake yoyo.