Yadda Ake Zaɓar Jirgin Ruwa Don Kallon Kogunan Ƙanƙara a Alaska: Na Alfarma Ko Na Gama-gari?

Wanda zai biya kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa zuwa jihar Alaska ta Amurka don ganin kogin ƙanƙara, ya fara duba hanyar da jirgin zai bi kafin ya duba kyan ɗakin kwana. Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta taru shekaru aru-aru ta danne juna ta zama ƙanƙara mai tauri, tana gangarowa daga tsauni a hankali. Wanda ya kai bakin teku yakan tsaya kamar katanga, yana ɓantarewa yana zubawa cikin ruwa da ƙara kamar aradu. Wannan katangar ce ake zuwa gani, kuma ba kowane jirgi ke da izinin isa gare ta ba, komai tsadarsa.

Fara da sunan wurin da ke cikin jadawali

Wurare huɗu ne manyan jirage ke zuwa, kuma ba ɗaya suke ba.

Glacier Bay gandu ne na ƙasa a hannun hukumar gandun daji ta Amurka, wadda ba ta barin manyan jirage fiye da biyu su shiga a rana. Jami'an gandun sukan hawo jirgin da sassafe daga ƙaramin kwalekwale, su yini suna bayani, sannan su sauka da yamma. Jirgi kan yi awa tara zuwa goma a ciki, ya tsaya wajen awa guda a gaban kogin ƙanƙara na Margerie. A 1794 da kyaftin George Vancouver na Birtaniya ya bi ta wurin, ƙanƙara ce ta cike mashigin kusan baki ɗaya. Yau ta ja baya fiye da kilomita 100, jirgi yana bin gurbin da ta bari. Amfanin wurin shi ne yini guda ne na kallo, ga koguna da dama a jere, kuma ba kasafai ake fasa shiga ba. Kamfanonin Princess da Holland America ne suka fi yawan izinin shiga, Norwegian ma tana da nata, haka Seabourn da Cunard. Jiragen Royal Caribbean da Celebrity galibi wasu wuraren suke zuwa. A lura kuma, lungun Johns Hopkins da ke cikin gandun a rufe yake ga manyan jirage daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta saboda dabbobin ruwa da ake kira sil da ke haihuwa a kan gutsattsarin ƙanƙara, sai dai a hango shi daga bakin lungun.

Hubbard, kusa da Yakutat, shi ne mafi girma cikin kogunan ƙanƙara masu taɓa teku a Arewacin Amurka. Tsawonsa ya kai kilomita 120, faɗin fuskarsa wajen kilomita 10. Idan rana ta yi kyau babu kamarsa. Matsalarsa ita ce hazo da gutsattsarin ƙanƙara da ke cika bakin ruwan. Wata rana kyaftin zai matsa kusa sosai, wata rana ya tsaya nesa da kilomita da yawa, a ga farin layi kawai. Yawancin tafiyoyin Regent da Silversea nan suke zuwa, a kan hanyar Vancouver ta Kanada zuwa Seward ko Whittier a Alaska.

Endicott Arm mai kogin Dawes, da Tracy Arm mai kogunan Sawyer, lunguna ne matsattsu masu dogayen duwatsu da ruwa mai zubowa daga sama. Nan ne aka fi samun ɓacin rai. A farkon kakar tafiya, wato Mayu da farkon Yuni, ƙanƙara kan toshe hanya, babban jirgi ya juya tun bai ga katangar ba, kuma ba a mayar da kuɗi a kan haka, domin yarjejeniyar tikiti ta bai wa kyaftin ikon sauya hanya. Tracy Arm kuma ta gamu da babbar zaftarewar ƙasa a Agustan 2025, don haka duk jadawalin da ya ambace ta a tambayi kamfani ko har yanzu can za a shiga.

Na huɗu College Fjord ne, kusa da Whittier, wanda sai masu tafiya mai zuwa ɗaya, wato wadda ba ta komawa garin da ta tashi, ke samu.

Idan jadawali bai kama sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ce kawai za a bi hanya mai kyan gani, to a ɗauka babu kogin ƙanƙara a ciki sai Mendenhall na Juneau, wanda ake zuwa da mota, kilomita 20 daga tsakiyar gari, a kalle shi daga tsallaken tafki.

Daga ina jirgin zai tashi

Mai tashi daga Seattle ya dawo Seattle yakan bi ta bayan tsibirin Vancouver, cikin buɗaɗɗen tekun Fasifik, inda igiyar ruwa ke kaɗa jirgi. A nan babban jirgi ya fi ƙarami zama daram, kuma mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa. Mai tashi daga Vancouver yakan bi tsakanin tsibirin da gaɓa, ruwa a kwance. Tafiya mai zuwa ɗaya, daga Vancouver zuwa Seward ko Whittier, ita ce ta fi ba da rana biyu ta kallon ƙanƙara cikin kwana bakwai, misali Glacier Bay da College Fjord, ko Hubbard da Glacier Bay. Kuɗin jirgin sama ya fi yawa tunda za a sauka wani gari a tashi daga wani, amma ga wanda ƙanƙara ta kawo shi, ita ce zaɓin farko.

Akwai maganar biza. Dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja ya zagaya tashoshin Amurka kaɗai, shi ya sa jiragen Seattle ke tsayawa a Victoria ta Kanada, ko da na awa huɗu ne da dare. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Amurka da ta Kanada duka biyu, ko da bai yi niyyar sauka a Victoria ba. Idan ya rasa ɗaya daga ciki, ba za a bar shi ya hau ba. A kammala biza kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa, a kuma tambayi kamfani a rubuce ko biza mai shiga ɗaya za ta wadatar.

Abin da kuɗin alfarma ke saya

Fili yake saya, da natsuwa. Norwegian Bliss na ɗaukar fasinja kusan 4,000, Ovation of the Seas ya ɗara haka. Seven Seas Explorer na Regent kusan 750 ne, Viking Orion 930, jiragen Seabourn da ke zuwa Alaska tsakanin 450 da 600. Akwai lissafi mai sauƙi: a raba girman jirgi, wanda ake rubutawa da tan a shafin kamfani, da yawan fasinjoji. Bliss zai ba da kusan 42, Explorer fiye da 70. A ranar ƙanƙara bambancin nan yakan fito fili. A babban jirgi mutane kan kama bakin ƙarfe tun ƙarfe shida na safe, wanda ya makara ya tsaya layi na uku yana leƙe ta kafaɗar wani. A ƙaramin jirgi za ka tashi daga dama ka koma hagu ba tare da ka rasa wuri ba.

Amma alfarma ba ta nufin matsawa kusa da katanga. Nisan da jirgi zai tsaya yana hannun kyaftin da yanayin ƙanƙarar ranar. Jirgi mai mutum 700 zai iya kutsawa lungu fiye da mai 4,000, gaskiya ne, sai dai a gaban Margerie kusan wuri ɗaya suke tsayawa. Mai ɗakin ciki marar taga a jirgin Holland America da ya shiga Glacier Bay zai iya ganin ƙanƙara fiye da mai babban ɗaki a jirgin alfarma da hazo ya tsayar a bakin Hubbard.

Wanda ke son jin sanyin katangar a fuskarsa, ƙananan jiragen bincike ne nasa, irin na UnCruise da Lindblad, masu ɗaukar mutum ɗari ko ƙasa da haka, waɗanda ke sauke fasinja cikin kwalekwalen roba. Ɗakunansu ƙanana ne, babu wasanni da dare, kuɗinsu kuwa ya kai na alfarma. Da yawansu tutar Amurka gare su, suna zirga-zirga tsakanin Juneau da Sitka ba tare da taɓa Kanada ba, wanda ke rage biza ɗaya. Seabourn ma tana sauke kwalekwalen roba a Alaska, amma da ƙarin kuɗi.

Lissafin kuɗi na gaskiya

Farashin da ake gani a talla na mutum ɗaya ne idan biyu za su kwana a ɗaki; mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu. A jirgin gama-gari a ɗora waɗannan a kai: harajin tashoshi idan ba a haɗa ba, tukuicin ma'aikata da ake cirewa kullum, wanda ke tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum, kuɗin intanet, lemo da kofi na musamman, gidajen abinci na ƙarin kuɗi, da yawon kan tudu. Idan tukuici dala 18 ne, miji da mata a kwana bakwai dala 252 ke nan. Yawon kan tudu ne ke cin kuɗi sosai a Alaska: jirgin ƙasan White Pass na Skagway, fita kallon kifin wel a Juneau, da jirgi mai saukar ungulu da ke sauke mutum a kan ƙanƙarar kanta, wanda shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne.

A jirgin alfarma tukuici da intanet da abin sha galibi suna cikin farashi, sai dai "komai a ciki" ya bambanta. Regent tana haɗa yawon kan tudu da yawa, ban da masu tsada irin na jirgin sama. Viking yawo ɗaya take bayarwa a kowace tasha, ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma babu gidan caca a jiragenta. Silversea ya danganta da irin tikitin da aka saya.

Ga abin da dillalai ba sa faɗa: wani kaso na farashin alfarma kuɗin giya ne da ake zubawa ba iyaka. Wanda ba ya sha zai biya abin da ba zai taɓa ba. Idan ya cire giya daga lissafin jirgin gama-gari, tazarar farashin takan ƙara faɗi. Don haka a rubuta shafi biyu, a sa abin da za a yi amfani da shi kawai, a raba jimilla da yawan darare. Sau da yawa mafita tana tsakiya: jirgin Holland America ko Princess mai mutum 2,000 zuwa 2,700, ɗaki mai baranda, ragowar kuɗin a sa a ƙaramin kwalekwale da ke ɗaukar fasinja daga babban jirgi ya kai su gaban Hubbard ko Dawes. Kujerun wannan kwalekwale kaɗan ne, suna ƙarewa watanni kafin tafiya.

Mai tafiya da yara kuwa, gama-gari ne ya dace da shi, don can ne ake da wurin kula da yara da ɗakuna masu haɗe da juna.

Baranda da farfajiyar jirgi

Baranda tana da daɗi ga tsofaffi da mai son keɓewa da iyalinsa, amma gefe ɗaya take nunawa. Kada a wahalar da kai wajen zaɓen dama ko hagu, domin kyaftin yakan juya jirgi a gaban katanga kowane gefe ya samu rabonsa. Abin dubawa a taswirar jirgi shi ne buɗaɗɗen wuri: akwai hanyar da ta zagaye jirgi a benen ƙasa? Ana buɗe goshin jirgi ranar ƙanƙara? Jiragen Holland America suna da duka biyun, wasu sababbin manyan jirage kuwa an cike gefensu da ɗakuna, an kare sama da gilashi, hoto ya fito da ƙyalli. Daga benen ƙasa aka fi gane tsayin katangar. A kuma riƙa kallo da ido maimakon jiran ƙara, don daga nisan kilomita ɗaya sauti na isowa ne bayan daƙiƙa uku, ƙanƙarar ta riga ta faɗa ruwa.

Lokaci da shiri

Kakar tafiya daga ƙarshen Afrilu ce zuwa farkon Oktoba. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwan sama, Yuli da Agusta sun fi ɗumi da tsada da cunkoso, Satumba ta fi araha amma ta fi ruwa da iska. Ko a Yuli, iskar da ke saukowa daga kan ƙanƙara tana ratsa ƙashi fiye da sanyin hunturu. A sa kaya hawa uku: na ciki mai kama jiki, rigar sanyi, sai rigar ruwa mai hula, da safar hannu da madubin hangen nesa ga kowane mutum, ba ɗaya ga iyali ba.

Abincin halal sai an nema a rubuce makonni kafin tafiya, kuma ƙananan jiragen alfarma sun fi iya dafa wa mutum abin da ya ce. A kowane jirgi dai kifin salmon da halibut suna nan a wadace. Miyar wake irin ta Holan da Holland America ke rabawa a farfajiya ranar ƙanƙara, a al'ada da naman alade ake yin ta, sai a tambaya kafin a karɓa. A watan Yuni rana takan kai awa 18 a sama a Juneau, don haka a sauke jadawalin salla na kowace tasha a waya tun ana da intanet.

A iso garin da jirgi zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, biyu ga mai zuwa daga Afirka, tunda jirgi ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. A sayi inshorar da ta haɗa da kwashe marar lafiya ta sama, domin likitan jirgi kuɗi yake karɓa kuma manyan asibitoci suna Anchorage ko Seattle. A duba ranar biyan ragowar kuɗi: a gama-gari yawanci kwana 75 zuwa 120 ne kafin tashi, a alfarma takan fi haka nisa, kuma daga wannan ranar tarar fasa tafiya take fara hawa.