Salmonela da naman alade: abin da sabon zuwa Turai ko Amurka ya kamata ya sani

Yawancin sababbin zuwa ba sa farawa da gida nasu na kansu. Ɗaki ake kamawa a gidan haya ko masaukin ɗalibai, kicin ɗaya, firji ɗaya, kuma da wuya a rasa mai dafa naman alade cikin abokan zama. Wasu kuma aikin farko da suke samu a mahauta ne, ko kamfanin sarrafa nama, ko wanke-wanke a gidan abinci. Don haka kada wanda ba ya cin alade ya ce wannan magana ba ta shafe shi ba. Salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, tana bin wuƙa da katakon yanka da hannu, ta isa kwanon wanda bai taɓa ɗanɗana naman ba.

A jikin alade aka fara gano ƙwayar, a Amurka a 1885, aka kuma sa mata sunan likitan dabbobi Daniel Salmon. Ire-irenta sun haura 2,500. A Tarayyar Turai ita ce ta biyu cikin cututtukan da mutane ke ɗauka daga dabbobi, bayan kamfilobakta, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa ita ma. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.35 ke kamuwa da ita duk shekara a ƙasar, kusan 420 su rasu.

Babbar matsalar ita ce alade yakan ɗauke ta yana cikin ƙoshin lafiya. Tana zaune a hanjinsa da maƙogwaronsa da kaluluwar cikinsa, tana fita ta kashi, ba tare da ya rame ko ya ƙi abinci ba. Ɓeraye da tsuntsaye da takalman ma'aikata su ke yawo da ita daga garke zuwa garke, haka ma gurɓataccen abincin dabbobi. Ranar da aka loda aladu a mota, wahalar tafiya da cunkoso sukan sa masu ɗauke da ita su ƙara zubar da ita, har lafiyayyen alade ya kamu cikin 'yan sa'o'in da ake tsare su kafin yanka. A mahauta ana tsoma gawar a ruwan zafi mai kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, a kankare gashi, a yi babbaka, kuma wutar babbakar tana kashe mafi yawan abin da ke kan fata. Wurin farke ciki ne ake samun ɓarna: wuƙa ta huda hanji, kashi ya taɓa nama, wuƙar kuma ta wuce kan gawa ta gaba. Shi ya sa ake ba ma'aikaci wuƙa biyu, ɗaya a hannu, ɗaya a cikin ruwa mai digiri 82. Idan wannan aiki ya faɗo muku, ku riƙa sauya wuƙar kamar yadda aka koya muku ko da layin aikin yana sauri, ku bar takalman roba da rigar aiki a wurin aiki, kada su shigo ɗakin da yara ke rarrafe.

Ƙasashen ba ɗaya suke ba. Danmak ta fara gwada garkunan aladunta a faɗin ƙasa tun 1995, a Suwidin da Finlan da Norwe kuwa cutar ta yi ƙaranci ƙwarai. Duk da haka babu ƙasar da ke ba da tabbacin cewa ɗanyen nama ya kuɓuta daga ƙwayar, kuma ido da hanci ba sa gane naman da ke ɗauke da ita. Launinsa da ƙanshinsa ba sa canjawa.

Mu dawo kicin, inda abin ya fi shafar kowa. Ku fara da firji. Ɗanyen nama, na kowace dabba, a bene na ƙasa ake ajiye shi cikin roba mai murfi, don kada ruwansa ya ɗiga kan dafaffen abinci ko ganye. Idan ana raba benaye tsakanin abokan zama, ku nemi na sama, ku kuma rufe duk abin da kuka ajiye. Kada ma'aunin zafin cikin firji ya haura digiri 5. Ku sayi ƙaramin ma'aunin zafi ku sa a ciki, domin firjin da mutum biyar ke buɗewa dare da rana yakan yi ɗumi ba a sani ba. Sanyi yana hana ƙwayar hayayyafa ne kawai. Firiza ma ba ta kashe ta, tana nan da ranta har ranar da naman ya narke. A firji ake narkar da daskararren nama, a cikin kwano, ba a kan teburin kicin ya kwana ba.

Ku mallaki katakon yanka biyu da wuƙa da soso naku na kanku. Katako ɗaya na ɗanyen nama, ɗaya na albasa da tumatir da burodi. A gidajen abinci na Ingila jan katako ne na ɗanyen nama. Katakon da ya yi zurfin tsaguwa ku jefar, don ƙwayar tana maƙalewa a tsagar inda soso ba ya kaiwa. Kafin ku ɗora girki bayan wani ya gama nasa, ku wanke teburi da kan famfo da marikin firji da ruwan zafi da sabulu, sannan ku fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ku bar shi ya ɗauki lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin ku goge. Mutane da yawa suna fesawa su goge nan take, aikin banza ke nan. Tsumman goge hannu na kowa da kowa ku ƙaurace masa, naku kuma ku wanke shi a inji a digiri 60. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20 ne, har tsakanin yatsu.

Akwai abin da zai yi wa da yawa wuyar karɓa: kada a wanke ɗanyen nama a ƙarƙashin famfo. Ruwa ba ya cire ƙwayar, fantsama ta yake yi kan kwanuka da teburi da riga. Wannan ya shafi kaza fiye da komai, domin kaji da ƙwai suna cikin manyan hanyoyin salmonela, ko daga wane shago aka saye su.

Wuta ce ke kashe ta. Ga wanda ke dafa alade a gida ko a wurin aiki, ƙa'idar Amurka ita ce tsakiyar gunduwar nama ta kai digiri 63 sannan a bar ta ta huta minti 3, niƙaƙƙen nama da sosej digiri 71, kaza 74. A Amurka ma'auninsu na Faranhait ne, don haka za ku ga 145 da 160 da 165. A Ingila ana neman digiri 70 na tsawon minti 2, ko 75 na daƙiƙa 30. Dalilin tsananta wa niƙaƙƙe shi ne injin niƙa yana tura ƙwayar da ke saman nama zuwa cikinsa. A soka ma'aunin zafin nama a wuri mafi kauri, nesa da ƙashi. Gasa alade sukutum yana da haɗari sosai, don waje yakan ƙone ciki bai nuna ba. A 2015 mutum 192 suka kamu a Amurka ta naman alade, akasari a jihar Washinton, da yawansu a wuraren irin wannan gashi. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'a 2 a waje, ko sa'a 1 idan zafin gari ya haura digiri 32.

Ku koyi sunan dabbar a harshen ƙasar da kuke: Schwein a Jamus, porc a Faransa, maiale ko suino a Italiya, cerdo a Sifen, varken a Holan. A Jamus da Holan ana sayar da niƙaƙƙen nama gauraye, rabi sa rabi alade, sai an karanta takardar za a gane. Jamusawa suna kuma cin Mett, ɗanyen niƙaƙƙen alade a kan burodi, wanda bai dace da yara da tsofaffi da masu juna biyu ba. Idan akwai kare a gidan, busasshen kunnen alade da ake ba shi yana iya ɗaukar ƙwayar. Tsakanin 2015 da 2019 mutum 154 suka kamu ta wannan hanya a Amurka.

Alamomin sukan bayyana tsakanin sa'a 6 zuwa 72 bayan kamuwa: gudawa, murɗawar ciki, zazzaɓi, wani lokaci amai. Yawanci yakan wuce cikin mako guda, kuma abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ku sayi hoɗar ruwan gishiri da sukari a kantin magani, ko ku haɗa da kanku: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ku sha ragowar maganin antibayotik da kuka zo da shi a jaka, don a ƙaramin ciwo ba ya rage kwanaki, yana ma iya tsawaita zaman ƙwayar a hanji. Ku nemi likita da gaggawa idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ko gudawa ta wuce kwana 3, ko kuma mara lafiyar jariri ne ko tsoho ko mai ciki. A Ingila lambar neman shawara 111 ce, ta gaggawa a Tarayyar Turai 112, a Amurka 911.

Mai aikin abinci wajibi ne ya sanar da shugabansa. A Ingila ba a komawa aiki sai an cika sa'a 48 da tsayawar gudawa da amai. A Jamus doka ta hana mai salmonela taɓa abincin sayarwa, kuma tun kafin ku fara irin wannan aiki sai kun karɓi takardar shaidar faɗakarwa daga ofishin lafiya na garin da kuke, wanda suke kira Gesundheitsamt.