Yadda Ake Muhawara Kan Hasashen Farkon Kaka a Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

A kowace shekara, cikin watan Oktoba, kafin a soma wasanni a farkon Nuwamba, rukunonin jami'o'in Amurka kan fitar da takardu biyu da ke tayar da ƙura tsakanin masu bin ƙwallon kwando. Ta farko ita ce jerin ƙungiyoyi daga wadda ake ganin za ta zo ta ɗaya har zuwa ta ƙarshe, ta biyu kuma ita ce sunayen 'yan wasan da ake tsammanin za su fi kowa fice a rukunin. A wasu rukunonin masu horarwa ne ke kaɗa ƙuri'a, a wasu kuma 'yan jarida. Da zarar sakamakon ya fito sai gardama ta ɓarke, kuma mafi yawanta gardama ce ta son rai, inda kowa ke kare jami'ar da yake ƙauna da ƙarfin murya. Mai son ya yi wannan muhawara da hujja yana da hanyar da zai bi, kuma kakar 2022 zuwa 2023 ta isa ta zama allon karatu, domin da wuya a sami shekarar da ta kunyata masu hasashe kamarta.

Mataki na farko shi ne ku yi ittifaƙi da abokin muhawararka a kan abin da ake hasashe, domin rabin gardamar da ake yi ta mutum biyu ce da ke amsa tambayoyi daban-daban. Jerin farkon kaka yana magana ne a kan wanda zai fi yawan nasara a wasannin cikin rukuni, daga Disamba zuwa farkon Maris. Ba ya magana a kan wanda zai ɗauki kofin gasar rukuni ta 'yan kwanaki, balle kuma babbar gasar ƙasa ta watan Maris wadda NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke shiryawa. Dubi abin da ya faru a rukunin Big East a waccan kakar. Masu horarwa sun sa Creighton a matsayi na ɗaya, UConn (jami'ar Connecticut) ta huɗu, Marquette kuma ta tara cikin jami'o'i 11. Marquette ce ta lashe rukunin da nasara 17 cikin wasa 20, ta kuma ɗauki kofin gasar da ake yi a zauren Madison Square Garden da ke New York. UConn ta ƙare a matsayi na huɗu da nasara 13, amma ita ce ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya a watan Afrilun 2023, bayan ta doke San Diego State da ci 76 da 59. Creighton kuwa maki ɗaya ne ya hana ta shiga sahun huɗun ƙarshe na gasar ƙasa. Idan aka tambaye ka wace ƙungiya ce ta fi ƙarfi a Big East a shekarar, kana da amsa biyu ko uku masu hujja, amma idan aka tambaye ka wa ya ci rukunin, amsa ɗaya ce tak. Ku tsayar da tambayar kafin kowa ya buɗe baki.

Mataki na biyu gajere ne. Ka bincika su wa suka kaɗa ƙuri'ar da kuma ƙa'idar da aka ɗora musu. A Big East ba a yarda mai horarwa ya zaɓi ƙungiyarsa ko ɗan wasansa ba, don haka ko ƙungiyar da kowa ya yarda ta fi ƙarfi ba za ta iya samun ƙuri'ar matsayi na ɗaya fiye da goma ba. Mai horarwa kuma ya fi tunawa da wanda ya wahalar da shi a bara, ɗan jarida kuwa ya fi tunawa da wanda ya gani a talabijin a watan Maris. Kowannensu yana da inda idonsa ba ya kaiwa.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen duk waɗanda suka yi wa ƙungiyar wasa a bara, da yawan mintocin da kowannensu ya samu, sannan ka soke waɗanda suka tafi. Wasa minti 40 ne, mutum biyar ne a fili, ke nan kowace ƙungiya tana da minti 200 da take rabawa a kowane wasa. Tambayar ita ce, cikin waɗannan 200 ɗin, nawa ne suka dawo, kuma a hannun wa suke? Masu ƙuri'a sun saba duba makin da ya tafi, ba mintocin da suka rage ba. Abin da ya jefa Marquette matsayi na tara ke nan, domin ta rasa Justin Lewis, wanda ya fi kowa ci mata maki, tare da Darryl Morsell, sai aka ɗauka an cire mata haƙora. Abin da ba a lissafa ba shi ne cewa mutum biyar ɗin da mai horar da ita, Shaka Smart, ya riƙa fara wasa da su, wato Tyler Kolek da Kam Jones da Stevie Mitchell da Olivier-Maxence Prosper da Oso Ighodaro, duk sun riga sun shekara a hannunsa, sun san tsarinsa, sun kuma san juna. Yaron da ya tashi daga shekarar farko zuwa ta biyu a jami'a yakan yi tsalle babba a wasansa, kuma idan irin waɗannan yara huɗu ko biyar suka yi tsallen a lokaci guda, ƙungiyar da za ka gani a Janairu ba ita ce wadda ka sani a bara ba.

Sai dai kada ka riƙe wannan ma'auni kamar ba ya kuskure, domin a shekarar nan ɗin dai akwai misalin da ke karya shi. North Carolina ta dawo da mutum huɗu cikin biyar ɗin da suka kai ta wasan ƙarshe a 2022, inda Kansas ta doke ta da ci 72 da 69. An ba ta matsayi na ɗaya a ƙasa baki ɗaya a ƙuri'ar kamfanin dillancin labarai na AP, aka kuma zaɓi Armando Bacot a matsayin gwarzon farkon kaka na rukunin ACC. Ƙarshenta ko gasar ƙasa ba ta shiga ba, abin da bai taɓa faruwa da ƙungiyar da ta fara kaka a matsayi na ɗaya ba tun da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 64 a 1985. Kuskuren a nan shi ne an auna ƙungiyar da makonni uku na Maris, aka manta da watanni huɗun da suka gabace su, alhali kuwa a wancan lokacin matsayi na takwas kawai aka ba ta a ɓangarenta na gasar. Sannan mutum ɗayan da ya tafi, Brady Manek, shi ne dogon da ke jefawa daga nesa, wanda ke tilasta wa masu tsaro su fito su bar wa Bacot fili a ƙarƙashin kwando. Saboda haka bayan ka ƙirga mintoci, ka sake tambayar kanka abu biyu: shin ƙungiyar da ta dawo ɗin ta yi kyau duk tsawon bara ko kuwa a ƙarshe ne kawai ta haskaka, kuma wane aiki ne wanda ya tafi yake yi wanda babu mai iya yin sa a cikin waɗanda suka rage?

Mataki na huɗu ya shafi baƙi. Tun da NCAA ta amince a watan Afrilun 2021 ɗan wasa ya sauya jami'a ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba, aka kuma ba su damar samun kuɗi da sunansu daga Yulin shekarar, hasashen farkon kaka ya ƙara wuya ƙwarai. Kansas State ce shaida. An sa ta ta ƙarshe cikin goma a rukunin Big 12, kuma ba za a zargi masu ƙuri'ar ba, tunda sabon mai horarwa ne, Jerome Tang, wanda ya tarar da 'yan wasa biyu kacal masu tallafin karatu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Markquis Nowell, sai ya haɗa shi da Keyontae Johnson da ya zo daga Florida bayan ya yi kusan shekara biyu ba ya wasa saboda rashin lafiya, suka kai ƙungiyar sahun takwas na ƙarshe a ƙasa. Idan za ka auna baƙo, ka duba ƙarfin rukunin da ya fito, domin maki 18 a ƙaramin rukuni ba maki 18 ba ne a Big 12, sannan ka duba ko zai sami ƙwallo a hannunsa kamar yadda ya saba, ko kuwa zai koma mai jiran a miƙo masa. A ra'ayina, ƙungiyar da yawancinta baƙi ne ba ta cancanci a yi rantsuwa a kanta ba ta kowace fuska, kuma wanda ya ce maka ya tabbata za ta zo ta biyu ko ta ƙarshe, faɗa kawai yake yi.

Mataki na biyar shi ne ka daina kafa hujja da yawan maki a wasa, ka koma ga maki a kowane hari. Ƙungiyar da ke gudu takan sami damar kai hari sau da yawa, don haka makinta kan yi yawa ko da ba ta ƙware ba. A ƙaddara wata ta ci maki 80 a hari 75, wata kuma ta ci 70 a hari 62. Idan ka mayar da su ma'aunin hari 100, ta farko tana da kusan 107, ta biyu kuma kusan 113, ke nan mai ƙarancin makin ita ce ta fi iya kai hari. Wannan shi ne lissafin da shafin KenPom na Ken Pomeroy ya shahara da shi, kuma yana gyara alƙaluman gwargwadon ƙarfin abokan karawa. Ka haɗa da abubuwa huɗun da masana ke dubawa, wato ingancin jifa, da yawan zubar da ƙwallo, da sake cafke ƙwallon da ta ƙi shiga, da samun jifan kyauta. Daga nan ka leƙa jadawali. A Big East kowa na karawa da kowa sau biyu, gida da waje, don haka babu mai kuka. A rukunonin da suka kumbura tun 2024 kuwa, irin su Big Ten da ACC masu ƙungiyoyi 18 kowanne a ƙwallon kwando, hakan ba ya yiwuwa, kuma wanda jadawali ya tura gidajen manya zai iya rasa wasa biyu fiye da takwaransa ba don ya fi shi rauni ba.

Mataki na shida shi ne batun zaɓen 'yan wasa, wanda ya fi jerin ƙungiyoyi zafi saboda ana maganar mutane ne da sunayensu. Zaɓen farkon kaka, in an faɗi gaskiya, lada ne na aikin bara, shi ya sa yakan faɗa hannun wanda ya dawo da maki mafi yawa a ƙungiyar da ake ganin za ta yi ƙarfi. A Big East an ba Adama Sanogo na UConn, ɗan asalin Bamako a ƙasar Mali, kuma zaɓi ne mai hujja. Amma kyautar ƙarshen kaka ta tafi ga Tyler Kolek, wanda a bara bai kai maki bakwai a wasa ba, sai dai shi ne ya fi kowa a rukunin miƙa ƙwallon da aka ci. Wanda ya lura cewa masu cin makin Marquette sun tafi, kuma ƙwallo za ta ƙara zama a hannun Kolek, da ya hango abin da ke tafe. Sanogo shi ma bai tashi a banza ba, domin shi aka zaɓa gwarzon wasannin huɗun ƙarshe na ƙasa, wanda ke sake mayar da mu ga matakin farko.

Idan kana so ka ƙalubalanci jerin 'yan wasa, ƙa'idar da za ka ɗora wa kanka da abokinka ita ce, duk wanda ya ce an zalunci wani, to ya faɗi sunan wanda za a cire a sa shi. Gurbi ƙidayayye ne, kuma ba a cika buhu ya wuce bakinsa. Bayan haka ka kwatanta su ta fuska uku: rawar da kowannensu zai taka bana ba ta bara ba, yawan jifan da yake buƙata kafin ya tara makinsa, da abin da yake yi idan ƙwallo ba ta hannun ƙungiyarsa. Fuska ta ukun ce aka fi mantawa da ita, domin dogon da ke sa 'yan hari su sauya shawara kafin su kusanci kwando ba ya bayyana sosai a takardar alƙaluma. Ka kuma tuna cewa masu ƙuri'ar ƙarshen kaka sun fi karkata ga ɗan wasan ƙungiyar da ta yi nasara, saboda haka bai dace ka sa wata jami'a ta tara ba sannan ka ce gwarzon shekara daga cikinta zai fito, sai dai in kana da bayanin yadda biyun za su haɗu.

Mataki na ƙarshe shi ne ku rubuta. Kowannenku ya rubuta jerinsa cikakke da kwanan wata, ya raba ƙungiyoyin gida uku, masu neman kofi, da 'yan tsakiya, da na ƙasa, domin tazarar da ke tsakanin ta biyar da ta takwas sau da yawa wasa ɗaya ko biyu ce, kuma jayayya a kanta ɓata lokaci ne. A gefen kowace ƙungiya da ka saɓa wa masu ƙuri'a a kanta, ka rubuta dalili ɗaya, tare da abin da idan ka gan shi kafin ƙarshen Disamba za ka janye maganarka, misali idan sabon mai raba ƙwallo ya ci gaba da zubar da ita sau huɗu ko biyar a wasa. A farkon Maris ku ɗauko takardun, ku lissafa tazarar da ke tsakanin inda kowa ya sa ƙungiya da inda ta ƙare, ku tara jimilla, sannan ku yi wa jerin masu horarwa irin wannan lissafin ku ga a cikin ku uku wa ya fi ƙarancin kuskure.