Yadda Ake Tattara Tarihin Kakan Kaka

A fara da tsofaffin mata. Maza sun fi riƙe sarauta da sana'a, amma gwaggo ko iya ita ta san wa ya auri wa, wace ce uwar wane, da dalilin tashi daga wani gari. A zauna da kowace ita kaɗai, a naɗi muryarta a waya da izininta, kada zaman ya wuce awa ɗaya. In aka tara su wuri guda, babba ce za ta yi magana, sauran su yi shiru don kunya.

Suna ne ke fara ɓatar da mai bincike. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta saboda alkunya, sai ta ce "Malam" ko "maigidan". Jika kuma yakan ci sunan kakansa, a riƙa kiransa Abba ko Baba, sai labarin mutum biyu ya haɗe ya zama na mutum ɗaya. Don haka a rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da unguwa, tun kafin a shiga labarin rayuwarsa.

Shekaru su ne babban aiki. Kada a tambayi tsoho "wace shekara", a tambaye shi "zamanin wa". Idan dangin na ƙasar Kano ne, Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Akwai kuma zuwan Turawa Kano da Sakkwato a 1903, isowar layin dogo Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura ta 1918, da yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945. Sai a bi da tambaya ta biyu: lokacin kakan da ake bincike a kansa ya yi kaciya? Ya yi aure? Wanda aka ce ya fara azumi a shekarar yunwar, haihuwarsa ba za ta yi nisa da 1900 ba. In an samu shekarar Hijira a gefen Alƙur'ani ko wasiƙar ajami, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali, 1320 za ta ba da wajen 1902.

Sana'arsa ce ke nuna inda za a nemi shaida. Bafataken goro na hanyar Gwanja yakan bar dangi a zangon Salaga ko Kumasi. Wanda ya tafi Makka a ƙasa, a tambayi 'yan'uwa a Sudan. Dagaci, hakimi, alƙali ko ma'aikacin En'e (hukumar gargajiya ta zamanin Turawa), a duba gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House. A can a gwada rubutun sunan kala-kala, domin Turawa kan rubuta Muhammadu a matsayin Momadu ko Mamman. Manomi kuwa da wuya ya fito a fayil. Nasa yana cikin takardar rabon gado da iyakokin gona.

Kirarin maroƙa a rubuta shi yadda yake, amma kada a ɗauke shi hujja sai wani bakin da bai ji daga wancan ba ya tabbatar. Haka labarin "daga gabas muka zo". Wurin rubutawa, a raba abin da aka gani a takarda da abin da aka ji, a sa sunan wanda ya faɗa da ranar. Abin da ya shafi bauta ko rikicin gado, a shawarci manyan gida kafin a raba wa dangi kwafi.