Rishon sifirit a jirgin ruwa mai filafilai: kurakuran da aka fi yi

Rishon sifirit iri biyu ne a jiragen ruwa masu filafilai. Akwai na famfo, wanda ake buga wa tankinsa iska ta tura mai zuwa kan risho, wato inda wuta ke fitowa, irin tsofaffin ƙirar Kenyon da Homestrand. Akwai kuma marar famfo irin ƙirar Origo, wanda tankinsa faffaɗan gwangwani ne cike da wani abu mai kama da auduga da ke shanye man, ko jirgi ya karkata ba ya zuba. Kowanne da inda yake kayar da mutum.

Babban kuskure shi ne ƙara mai alhali wuta ba ta mutu ba. Harshen wutar sifirit shuɗi-shuɗi ne marar haske sosai, da rana tsaka ido ba ya ganinsa. Mutum ya leƙa ya ga kamar ta mutu, ya karkata jarka, wuta ta bi man ta shige cikin jarkar. Kashe risho, ka bar shi ya huce har ka iya riƙe gwangwanin da hannu, ka ciro shi, ka fita da shi waje nesa da kowace wuta. In kana shakka, miƙa tsinken ashana marar wuta saman bakin: in ya fara baƙi, tana ci.

Sai cika tanki fiye da kima. Gwangwanin Origo lita 1.2 yake ɗauka, abin da zai ci kimanin awa huɗu da rabi. Karkata shi rabin tsaye, ka riƙa zuba mai a hankali a kan ragar bakinsa. Sa'an nan ka tsayar da shi a gefensa: da ka ga mai ya taru a leɓen bakin, ya isa. Duk abin da ya haura wannan, audugar ba ta riƙe shi ba, igiyar ruwa ta farko za ta watsar da shi cikin risho. Goge abin da ya ɗiga, ka wanke hannu kafin ka ƙyasta ashana.

Rishon famfo kuwa, gaggawa ce ke jawo masa gobara. Ba ruwan sifirit yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa, kuma sifirit ba ya tafasa sai ya kai digiri 78 a ma'aunin Celsius. Dole kan risho ya yi zafi tukuna. Buɗe bawul, wato abin murɗawar da ke sakin mai, kaɗan, mai ya sauka a ɗan kofin da ke ƙarƙashin kan, kada ya cika, ka rufe bawul ruf, ka kunna na cikin kofin. Jira sai ya kusa cinyewa, sa'an nan ka sake buɗewa a hankali. In ƙarfen ya yi zafi za ka ji huci, wuta ta fito shuɗiya gajera. In ka buɗe da wuri, ɗanyen mai ne zai fito, wuta ja ta yi tsalle har ta lashi labulen taga. Nan da yawa suke ruɗewa su ƙara murɗa bawul. Rufe shi, ka bar abin da ya fito ya cinye, ya huce, ka sake daga farko. Kuma kada a ɗora tukunya lokacin ɗumamawa, don tana baza wutar gefe.

Tankin famfo ma yana son kulawa. Kada iskar ta wuce adadin da kamfani ya rubuta, kuma in an gama girki a sassauta murfi ta fita. Tanki mai matsi da tsohon zoben roba, ɗigo zai yi ta yi dare da rana. Shafa kumfar sabulu a mahaɗan tiyo, inda ta kumbura nan ne yoyon. Tururin sifirit ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta.

Mai kuma ba kowane ba. Sifirit na itanol ake so. Na goge ciwo, wato aisofurofil, kunkunniya yake yi wa gindin tukunya, mitanol kuma guba ne kuma zafinsa bai kai ba. Fetur da kananzir ko kusa. A rufe jarka da kyau, domin sifirit yana tsotsar danshi daga iska, wutarsa ta yi rauni. Gwangwanin Origo ma yana da faifan roba da ake rufe bakinsa bayan ya huce. In an manta, man ya tsere a banza.

Masu rufe ƙofa da tagogi saboda sanyi su sani, lita ɗaya ta itanol in ta ƙone tana sakin kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, shi ne raɓar da ke jiƙe bango da katifa. Mafi muni, wutar da ba ta samun iska tana fitar da kabon monoksaid, wanda ba shi da wari. A bar ƙofar sama a buɗe, a kafa na'urar da ke yin ƙara in ya taru.

In wuta ta kama, fara rufe bawul, ka lulluɓe da bargon kashe wuta. Ruwa yana kashe ta tunda sifirit yana gauraya da shi, amma sai mai yawa: kofi ɗaya tura man mai ci kawai zai yi zuwa bayan risho. Bargon kuma a rataye shi inda hannu zai kai ba tare da ya tsallaka kan wutar ba.